Shasi ya tsage gefen walda, ko leza za ta nuna dalili?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ni mai walda ne a Garwa. Na yi wa wata tirelar auduga walda a shasi, kwana biyu sai ga tsaga gefen ɗinkin waldar, ko kaya ba a ɗora mata ba, mai mota kuma ya tsare ni sai na biya. An ce akwai na'urar leza mai auna ɗaurewar da ta rage cikin ƙarfe, gaskiya ne? Wallahi ko barci ba na yi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka. Akwai ta. Leza wani siririn haske ne mai ƙarfi, guda biyu ke cikin na'urar: ɗaya ce ke ɗan tsikarar fuskar ƙarfen, wurin ya yi zafi farat ɗaya ya motsa, sai sauti irin wanda kunne ba ya ji ya ratsa ciki, ta biyu kuma ta karanta rawar da ƙarfen ya yi daga nesa, babu taɓawa. Sautin na gudun wajen mita 5,900 a daƙiƙa, ja-in-jan da ke cikin ƙarfen, wato ɗaurewar nan, shi ke ɗan canza gudun, canjin ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Shi ya sa sai an gwada da wani guntun ƙarfe iri ɗaya mara ɗaurewa, kuma zafin rana kaɗai irin namu na Afrilu ya isa ya rikita lissafin. Kayan ɗakin bincike ne, masu tsada. Wanda ya zo garejinka da ɗan tocin leza ya ce zai auna maka, kuɗinka yake so.

Amma tsaya, ka watsa wa waldar ruwa ko? Don daga Marwa har Njamaina kullum abin da nake gani ke nan, ana ajiye sandar walda yaro ya sheƙo ruwa daga jarka, ƙarfe ya yi cuuu, maigida ya ce ai yanzu ya yi ƙarfi. Wane ƙarfi? Ɗinki dama yana tsukewa in yana hucewa, ƙarfen gefe ya riƙe shi, ja-in-jan nan kan kai iyakar abin da ƙarfen zai jure tun ba a ɗora komai ba. In ka zo ka zuba ruwa, gefen ɗinkin ya yi tauri kamar gilashi, balle ƙarfen shasi. In kuma sandarka ta sha danshi, sinadarin haidurojin da ke cikin danshin ya shige ɗinkin, shi ke fasa wurin bayan awowi ko kwana biyu, daidai abin da ka faɗa. Na gaji da jin "haka muka tarar". Motar nan da tan-tan na kaya za ta bi hanyar Kusiri, mutane a gefenta!

Ka goge tsagar kaf da giranda, ka ɗumama wurin kafin ka sake, sanda busasshiya, in ka gama ka lulluɓe ya huce da kansa. Jarkar nan ka kai ta bayan shago.