Amsar tambayarka kan bindigar 8x68S

Ɗana, jiya da muna tashi daga aiki ka tare ni da tambaya, na ce ka bari sai na samu natsuwa. Ka ce: "Maigida, dattijon nan da ya kawo tsohuwar Mauser 98 ta mahaifinsa yana so a mayar masa da ita mai cin harsashin 8x68S, me zai hana mu kwance tsohon bututun mu ɗaura sabo mu sallame shi? Ko mu ba shi shawara ya koma .300 Winchester Magnum, tunda ana samunsa ko'ina?" Tambaya ce mai kyau, ni ma na yi wa nawa maigidan irinta. Tunda mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a shagon nan, na ga gara in rubuta maka da harshenmu don ta zauna maka sosai.

Fara da sanin harsashin. August Schüler ne ya tsara shi a garin Suhl, garin maƙeran bindiga na Jamus, kamfanin harsasai na RWS kuma ya fito da shi kasuwa a 1939 tare da ƙaninsa 6.5x68. A shekarar ce yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sai harsashin bai samu yaɗuwa ba. Kafin Turai ta farfaɗo, Amurkawa sun cika duniya da nasu, musamman .300 Winchester Magnum da ya fito a 1963. Shi ya sa har yau ba kasafai za ka gan shi ba sai a hannun mafarautan Jamus da Ostiriya, masu bin manyan barewa da aladun daji, da waɗanda ke zuwa Namibiya farauta. Ɗan harsashi mai nauyin giram 12 yana fita bakin bindigar da gudun da ya haura mita 900 a daƙiƙa. Mutumin da ya ambaci wannan harsashi da sunansa ya san abin da yake so, ba aikinmu ba ne mu sauya masa ra'ayi. Haƙƙinsa a kanmu shi ne mu gaya masa gaskiya: harsashin yana da tsada, ba kowane shago ke ajiye shi ba, kuma da wuya a sarrafa kwansonsa daga na wani harsashi. In kuma ɓauna yake hange, ƙasashen Afirka da dama ba sa yarda da faɗin harsashin da bai kai milimita 9.3 ko inci .375 ba. Na faɗa masa duk wannan, ya ce ya sani.

Harafin S da ke ƙarshen sunan ka riƙe shi da kyau. Jamusawa suna da harsashi mai faɗin milimita takwas iri biyu. Tsohon, wanda sojojinsu suka fara da shi a 1888, ya fi siranta, faɗinsa kamar milimita 8.08. Na S kuwa ya kai 8.2. Bambancin bai fi kaurin takarda ba, amma idan aka tura mai kauri cikin siririn bututu, matsin da zai taso yana iya raunata mai harbi. Saboda haka duk bututun da ya iso, ko me aka buga a jikinsa, sai ka auna cikinsa da hannunka.

Yanzu ga inda aikin yake. Kai kana kallon bututu, ni kuwa sakata da kurtu nake kallo, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle, da akwatin da harsasai ke jeruwa a ciki. Bututu mai kyau sayensa ake yi: tsawon santimita 65 don albarushi mai jinkirin ci ya gama ƙonewa, zanen cikinsa yana kammala juyi ɗaya a kowace milimita 280. Wannan ba ya hana ni barci. Abin da ke hana ni barci shi ne yadda harsashi zai taso daga kurtu ya shige mazauninsa sumul, sau ɗari cikin ɗari, ko maharbin ya ja sakata a hankali ko ya fizge ta a firgice da ƙaton alade a gabansa.

Ɗauko harsasan biyu ka jera su a kan teburi. Wanda aka ƙera Mauser 98 dominsa, 8x57, tsawonsa bai wuce milimita 82 ba, gindinsa kuma bai kai 12 ba. Namu tsawonsa 87, bakin gindinsa 13, jikinsa sama da nan kaɗan 13.3. Ka lura da wannan: jiki ya fi gindi faɗi. Idan harsashin ya kwanta ƙasa da yadda ya kamata ko da kaɗan ne, fuskar sakata za ta haye samansa maimakon ta tura shi, sai ka ji ta cije. Paul Mauser bai yi kurtu ɗaya don kowane harsashi ba. Kowanne da faɗin akwatinsa, ta yadda harsasai za su jeru dama da hagu suna tokare da juna daidai. Idan ka cusa masu kauri cikin akwatin sirara, jerin ya lalace. Don haka sabon akwati za mu yi wa wannan bindiga, mai faɗi da tsawo, kuma da wuya ta ci gaba da ɗaukar biyar kamar dā. Uku masu fita lafiya sun fi mini huɗu masu gardama.

Wani zai ce a sayo sakatar magnum wadda aka riga aka faɗaɗa fuskarta. A nan ma akwai tarko. Magnum na Ingila da Amurka masu ɗamara a gindi, irin su .375 H&H da .300 Winchester, gindinsu milimita 13.5 ne. Namu ba shi da ɗamara, a kafaɗarsa yake tsayawa, gindinsa kuma 13 cif. Rabin milimitar nan ya isa ya sa ƙugiyar da ke kama kwanso ta riƙe shi sako-sako, wata rana ta sake shi a ciki.

Tsawaita kurtu shi ne wurin da nake so ka fi jin tsoro. Gangaren da harsashi ke hawa a gaban kurtu, ƙarfen da ke wurin shi ne ya tokare haƙorin sakata na ƙasa lokacin da aka harba. Mai gaggawa yakan ci wurin da magagari don ya samu fili, bai san ginshiƙin ɗaki yake sassaƙewa ba. Mu a nan daga baya muke neman yawancin filin. Kafin ma a taɓa komai, sai an duba ko haƙoran sun riga sun lotsa mazauninsu saboda shekaru, a kuma duba lokacin da aka ƙera ta, domin na ƙarshen yaƙi, 1944 da 1945, an yi su cikin sauri. Ta dattijon nan ƙirar Oberndorf ce, garin masana'antar Mauser, ta kafin yaƙi, shi ya sa na karɓi aikin.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Ina shekarata ta uku da fara koyo, maigidana ya bar mini gyaran leɓɓan da ke riƙe harsashi a saman kurtu. Harsashin hagu yana ɗan cijewa. Na goga, na gwada, na ga ya kusa, sai na ƙara masa shafa uku ba tare da na sake gwadawa ba. Da na ja sakata, harsasan suka yi tsalle suka zubo kan teburi gaba ɗaya. Maigidana ya ɗauki ƙarfen ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya shafa leɓen da babban yatsansa, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Bindigar gadon wani ce. Har yau idan na tuna fuskar mai ita da aka yi masa bayani, sai in ji nauyi a ƙirjina. Shi ya sa kake ganin ina shafa wa harsashin gwaji baƙar tawada, in tura shi, in duba inda tawadar ta goge, in yi shafa ɗaya tak, in sake gwadawa. Yini biyu yakan tafi a haka, ban kuma taɓa jin na yi asararsu ba.

Ƙota kuwa itacen walnot za mu sa, wanda jijiyoyinsa suka bi ta wuyan ƙotar a miƙe, domin nan take karyewa. Adon itace yana jan idon mai saye, amma a wuya miƙaƙƙiyar jijiya nake nema. Za mu gitta mata ƙusa biyu don dukan baya kada ya tsaga ta. Kada kuma mu rage mata nauyi da yawa. Wannan harsashi yana da naushi, bindigar da ba ta kai kilo huɗu ba za ta sa dattijon ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, mai runtse ido kuwa raunata dabba yake yi ya bar ta tana wahala a daji. Wannan ba na so ya fito daga shagona.

Idan mun gama, ba mu ne masu yanke hukunci ba. Dokar Jamus ta wajabta a kai ta gidan gwaji na hukuma, kamar na Ulm ko Suhl ko Munik. Ƙa'idar CIP, hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da gwajin bindigogi, ta kayyade matsin wannan harsashi a bar 4,400 (bar ma'aunin matsi ne), su kuma za su harba ta da harsasai masu ƙarin kashi 25 cikin ɗari, su sake auna ta, sannan su buga hatiminsu. Na Ulm ƙahon barewa ne, ka sha ganinsa a gindin bututu. Kafin hatimin nan ya hau, ba mai ɗora ta a kafaɗa, har da ni.

Gobe in Allah ya kai mu, ka zo da wuri. Za ka haɗa harsasan gwaji guda biyar marasa albarushi, biyu masu tsini, biyu masu dunƙulen baki, ɗaya a cikakken tsawon milimita 87. Ka auna cikin tsohon kurtun, tsawo da faɗi gaba da baya, ka rubuta a littafinka ka kawo mini. Magagarin kuwa ka bar shi a rataye tukuna.