An Yi Wa Matata Tiyata Cikin Dare, Kamfanin Inshora Ya Ce Ba Zai Biya Ba

Barista, assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Gombe, ina zaune a Tumfure. Shekara tara ke nan ni da iyalina muna cikin tsarin inshorar lafiya. Wata biyu da suka wuce naƙuda ta kama maiɗakina wajen ƙarfe ɗayan dare, jini ya ɓalle mata. Asibitin da ke rubuce a katinmu yana can cikin gari, sai maƙwabcina ya kwashe mu a motarsa zuwa wani asibitin kuɗi da ke kusa da mu. Likita ya ce in ba a shiga da ita tiyata a take ba, ana iya rasa ta da abin da ke cikinta. Na nuna kati, suka ce sun kira kamfanin HMO, wato kamfanin inshorar da ke biyan asibiti, ba a ɗaga ba, in ajiye kuɗi daga baya a mayar mini. Da rancen ƙanena da kuɗin adashi na haɗa N520,000 na biya. Alhamdu lillahi, ita da jaririyar suna lafiya. Yanzu kamfanin ya ce ba zai biya ko sisi ba, wai ba a karɓi kod ba, wato lambar izini, kuma ba asibitinmu ne ya tura mu can ba. A waya suka faɗa mini. Asibitin kuma sun ce in je in ji da kamfani. Shin kuɗina sun tafi ke nan?

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da arziki, Allah ya raya jaririya, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Kuɗinka ba su tafi ba tukuna. Amma in gaya maka gaskiya, a halin da kake ciki yau ba ka da komai a hannu sai labari, kuma da labari ba a karɓo kuɗi daga kamfani. Wanda ya gaya maka a waya cewa ba za a biya ba, gobe yana iya cewa bai taɓa jin muryarka ba. Don haka kafin ka sake taka ƙafa zuwa ko'ina, rubuta wa kamfanin takarda, ka sa lambar katinka, ranar tiyata, sunan asibiti da adadin abin da ka biya, ka nemi a mayar maka, sannan ka roƙi su ba ka dalilin ƙin biyan a rubuce, tare da sashen ƙa'idar da suka dogara da shi. Ka yi kwafi biyu. A buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a ba ka abinka. In sun ƙi karɓa, aika ta imel ko ta kamfanin kai saƙo ka adana shaidar. Sau da yawa a nan ma ake ganin sauyi, domin abin da ma'aikaci zai faɗa da baki cikin sauƙi, hannunsa na rawa in aka ce ya rubuta ya sa hannu.

Yanzu ga asalin maganar. Yadda tsarin yake, asibitin da ke kan katinka shi ne ƙofarka ta farko. Ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ka je ko ba ka je ba, don ya duba zazzaɓi, awon ciki da makamantansu. Tiyata kuwa tana mataki na biyu. A nan ne ake buƙatar takardar turawa daga asibitinka, da lambar izini daga kamfanin HMO, wadda ma'aikatan asibiti ke kira kod, domin kowace tiyata kuɗinta daban ake biya. Da a ce aikin ƙaba ne aka tsara maka tun makonni, ka tashi ka tafi asibitin da ka ga dama ba takarda ba lamba, da na ce maka ka yi haƙuri, kamfani yana da hujja.

Naka ba haka yake ba. Mace mai naƙuda da jini ya ɓalle wa da tsakar dare, ba mai hankalin da zai ce ta jira a ɗaga waya. Doka ma ba ta ce haka ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, kuma wanda ya saɓa yana fuskantar tarar N100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, kuma, wadda ita ce ke ba kamfanonin HMO lasisi tana sa musu ido tun da dokar 2022 ta maye gurbin tsohuwar NHIS, ƙa'idarta ita ce a halin gaggawa ba a jiran kod kafin a fara aiki. A ceci rai tukuna, asibiti ya nemi lambar cikin awa 48 da fara jinyar. Daga watan Afrilun 2025 ma ta umarci kamfanonin su riƙa ba da lambar cikin awa ɗaya da neman ta. Ka lura da kyau: neman kod aikin asibiti ne, bayar da shi aikin kamfani ne. Ba inda aka ce mijin mai naƙuda ne zai nemo shi. In an yi sakaci, tsakanin su biyun ne, kai dai aka mayar da kai ƙwallo, wannan ya buga wa wancan.

To amma wa zai tabbatar gaggawa ce? Ba kai ba, ba maƙwabcinka mai mota ba. Fayil ɗin asibiti ne. Ka koma wurin likitan da ya yi aikin, cikin lalama, ka nemi rahoton jinya a kan takardar asibiti mai hatimi. Kada ka yarda da layi biyu da ke cewa an yi mata tiyata an sallame ta. Ana so a ga ƙarfe nawa kuka iso, me aka gani, hawan jininta da yawan jinin da ta zubar, ƙarfe nawa aka shiga ɗakin tiyata, da kalmar likita cewa jinkiri zai iya jawo asarar rai. Wannan tazarar da ke tsakanin lokacin isowa da lokacin shiga tiyata ta fi duk wata doguwar magana da lauya zai yi. In an rubuta kun iso 1:20 an shiga da ita 1:55, wa zai tsaya gaban hukuma ya ce da kun koma cikin gari neman takardar turawa? Bayanan jinyar haƙƙin maiɗakinka ne, don haka ita za ta sa hannu a takardar neman, ko ta ba ka izini a rubuce.

Ka kuma tambaye su, wannan kiran da suka ce sun yi ba a ɗaga ba, ina shaidarsa? Wace lamba aka kira, ƙarfe nawa, an tura saƙo ko imel washegari? In akwai, kamfani ya shiga uku. In babu, to asibitin ne bai yi aikinsa ba. Saƙonnin WhatsApp da na tes ana karɓarsu a kotu ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, saboda haka kada ka goge komai daga wayarka.

Bari in ɗan ratse kan rasit, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sha ganin mutum ya shigo ofis da ƙwarin gwiwa, ya zaro 'yar takardar POS daga aljihun gaba, ya warware ta a kan tebur, sai ka ga fara fat, zafi da gumi sun cinye rubutun, sai wata inuwar lamba a gefe. Yau ɗin nan ka ɗauki hoton duk wani rasit da kake da shi, ka yi fotokwafi, ka karɓo bayanan asusunka daga banki. In ƙanenka ne ya tura kuɗin kai tsaye daga asusunsa, shi ma ya ciro nasa. Sannan asibiti su ba ka lissafi dalla-dalla: nawa ne aikin, nawa ne jini, nawa ne gado, nawa ne magani.

Akwai tambayoyi biyu da ba ka amsa mini a wasiƙarka ba, kuma a kansu ƙarfin maganarka zai tsaya ko ya raunana.

Ta farko, asibitin da kuka je yana cikin waɗanda NHIA ta amince da su? Yadda suka karɓi katinka har suka kira kamfani ya sa nake kyautata zaton haka ne, amma ka tabbatar a ofishin hukumar. In yana ciki, karɓar tsabar kuɗi daga hannun mai kati a kan aikin da inshora ta ɗauka saɓa ƙa'ida ne, kuma ba mamaki daga aljihun asibitin kuɗinka za su fito, shi kuma ya bi kamfani. Shi ya sa ba na so ka rubuta ƙorafi a kan kamfani kaɗai. Haɗa su duka biyu. In kuma ba ya ciki, maganar ta yi nauyi, hujjarka ta koma kan larura zalla: dare ne, rai ne, nan ne mafi kusa. Ana iya yin nasara da ita, sai dai ka shirya wa jin cewa za a biya ka bisa farashin hukuma, wanda yawanci bai kai na asibitin kuɗi ba. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kuwa dama a wuyanka yake.

Ta biyu, ka gafarce ni, wace matar ce a kan katin? Tsarin ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci, da mata ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A nan wajenmu da gida mai mata biyu ko uku ba baƙon abu ba ne, nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Uwargida ce aka yi wa rajista tun ana samari, amarya ce ta haihu, maigida ya miƙa kati yana ganin ai duk iyali ne. In ba a ƙara ta a matsayin ƙarin mutum an biya mata ba, kamfani yana da gaskiya, kuma ba lauyan da zai canza wannan. Wanda kuma ya gabatar da amarya da sunan uwargida ya jawo wa kansa abin da ya fi asarar kuɗi. In maiɗakin naka ita ce mai suna da hoto a rajista, ka manta da wannan sakin layin.

Ka ba kamfani mako biyu daga ranar da suka karɓi takardarka. In shiru, ko amsar ba ta gamsar ba, sai ofishin NHIA na jiha, da kwafin komai, asalin kuma yana gida. Kai ƙorafi can kyauta ne, kuma hukumar tana da ikon kiran kamfani da asibiti ta zaunar da su, ta ba da umarnin mayar da kuɗi, ta ci tara, har ta dakatar da wanda ya yi taurin kai. Kamfanin da ke yi maka shakulatin ɓangaro ba zai yi wa mai riƙe da lasisinsa haka ba. Ka kuma sanar da jami'in da ke kula da inshora a ma'aikatarku, domin kamfani na tsoron ma'aikata guda ta sauya sheƙa fiye da yadda yake tsoron fushin mutum ɗaya. Masu karatu da ke aikin jiha, ku ƙofarku daban ce, wato hukumar inshorar lafiya ta jiharku: GoHealth a Gombe, BASHCMA a Bauchi.

Bayan wannan akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda ke da ofis a kowace jiha, tana kuma binciken kamfanoni ba ma'aikatun gwamnati kaɗai ba. Sharaɗinta shi ne ka kai ƙorafi cikin wata 12, kuma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Hukumar kare masu saye, FCCPC, ita ma tana sauraron irin wannan.

Kotu na nan, amma ni ba zan fara kai ka can ba. Abu na farko da lauyan kamfani zai tayar shi ne ba kai ka ƙulla yarjejeniya da su ba, sai a ɓata watanni ana jayayya a kan wannan kafin a zo kan jinin da matarka ta zubar. In ka lissafa kuɗin lauya da ɗage zama, N520,000 ba ta da yawan da za ta jure shekara biyu. In dai dole ta sa, ka shiga da takardar ƙin biyan, da rahoton likita, da abin da NHIA ta yanke, lauyanka ya zaɓi kotun da ta dace da adadin. Wanda kuma zai yi ƙarar hukumar gwamnati ce, ya ga lauya da wuri, domin akwai dokar da ke ƙayyade wata uku a wasu ƙararraki, da sharaɗin ba da sanarwa kafin shigar da ƙara.

Abu ɗaya na ƙarshe da nake so ka kiyaye. In matsin ya yi aiki, za a iya kiranka a ce ga dubu ɗari biyu, sa hannu nan. Karɓar wani ɓangare ba laifi ba ne, musamman ga wanda bashin ƙane da zubin adashi ke wuyansa. Amma karanta takardar kafin biro ya taɓa ta. In an rubuta cewa ka karɓa a matsayin cikakken biya kuma ka yafe sauran, ka rufe wa kanka ƙofa ke nan. Ka ce a gyara ta zama biyan wani ɓangare, ko ka ɗauki hotonta ka nuna wa lauya tukuna, ko da za su ce tayin na yau ne kawai.