Kada ka rubuta "babu" tukuna

Ɗan'uwa, ka ce ka shiga dausayin nan mai gansakuka sau biyu da rana tsaka, ba ka ga kwaɗo ko maciji ba, kana tambaya ko ka rubuta cewa babu su. Don Allah ka dakata. Na taɓa rubuta hakan a shekarata ta farko, da shekara ta zagayo na tarar da macizai a daidai inda na ce babu, kuma har yau abin yana damuna, domin an riga an yi aiki da rahoton.

Da farko ka san irin wurin da kake. Ruwan sama kaɗai ke ciyar da irin wannan dausayi, gansakukar kuma tana ƙara wa ruwan tsami, har ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, kan sauka wajen 4. Ƙwan kwaɗi da yawa ba ya ƙyanƙyashewa a irin wannan ruwa. Saboda haka tsakiya takan zama shiru, rayuwa tana gefe-gefe, inda ruwan ƙasa ke shigowa yana rage tsamin. Can za ka fara dubawa.

Kwaɗi da kunne ake ƙirga su. Ka je bayan faɗuwar rana a lokacin hayayyafarsu, musamman daren da aka yi yayyafi kuma babu iska. Ka tsaya wuri ɗaya, ka kashe tocila, ka yi shiru minti 5, ka naɗi kukan a waya. Washegari ka koma neman curin ƙwai a ruwa mara zurfi.

Macizai da ƙadangaru kuwa ɗumi suke bi. Ka shimfiɗa gutsattsarin kwanon rufi a tudun da rana ke fara bugawa, ka bar su makonni su saba, sannan ka riƙa ɗagawa da hantsi kafin kwanon ya yi zafi. Da sanda za ka ɗaga, kwanon ya zama tsakaninka da abin da ke ƙasa. Kowace fita ka rubuta lokaci, zafin iska da yanayin gari, ko da ba ka ga komai ba. Ni ba na yanke hukunci a kan wuri sai na zagaya shi aƙalla sau bakwai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takalmi. Wata cutar fatar kwaɗi da ake kira kitirid, wadda aka ba wa ƙwayarta suna a 1999, ta hallaka kwaɗi a nahiyoyi da dama, kuma lakar takalmi na iya ɗaukar ta daga wannan ruwa zuwa wancan. Ka kankare laka, ka wanke da ruwan bilic, ka shanya ya bushe sarai. In za ka kama kwaɗo, ka sa sabuwar safar hannu mara hoda, ka jiƙa ta. Ka kuma bi hanya ɗaya kullum, don sawun ƙafa kan daɗe bai goge ba a kan gansakuka.

In ka dace da kunkurun da ba a cika gani ba, ka ba hukumar da ta ba ka izini ainihin wurin, kada ka sa shi a jikin hoto, masu kamawa su sayar suna bibiyar irin waɗannan hotuna.