Masaƙa Ta Rufe, Wa Zai Share Wa Ma'aikaci Hawaye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na yi shekara 19 ina aiki a sashen kaɗi na wata masaƙa a Kakuri, Kaduna, kafin a rufe ta, kuma har yau ban karɓi kuɗin sallamata ba. Ɗana ya ce a Amurka gwamnati tana biyan ma'aikatan da kayan ƙasashen waje suka raba da aikinsu. Shin gaskiya ne, kuma akwai irin wannan a Najeriya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kawo mafita. Ɗanka ya faɗi gaskiya, sai dai labarin yana da sauran bayani.

A shekarar 1962, zamanin Shugaba Kennedy, Amurka ta kafa dokar da ta tanadi tallafi ga ma'aikacin da ya rasa aiki saboda kayan waje sun kashe kasuwar kamfaninsa. Hujjar ita ce, tunda gwamnati ce ta buɗe ƙofa aka shigo da kaya masu araha kowa ya amfana, bai kamata a bar wa wasu tsiraru nauyin asarar su kaɗai ba. Da farko sharuɗɗan sun yi tsauri, har sai a 1969 aka fara amincewa da ƙorafin ma'aikata, daga baya dokar ciniki ta 1974 ta sassauta su. A lokacin da shirin yake aiki, ma'aikata uku ma suna iya haɗuwa su kai koke Ma'aikatar Ƙwadago, idan bincike ya tabbatar da cewa cinikin waje ne sanadi, sai a biya musu kuɗin koyon sabuwar sana'a, a ci gaba da ba su alawus na mako-mako muddin suna karatun, a kuma taimaka da kuɗin ƙaura ga wanda ya sami aiki a wani gari. Wanda ya kai shekara 50 kuwa, idan ya kama aikin da albashinsa bai kai na da ba, gwamnati takan cika masa rabin giɓin har tsawon shekara biyu. Ma'aikatan masaƙu suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar shirin, musamman a jihar Karolina ta Arewa, inda rufe kamfanin Pillowtex a 2003 ya raba sama da mutum 4,000 da aiki lokaci guda. Amma wa'adin dokar ya ƙare a tsakiyar 2022, aka daina karɓar sababbin koke-koke a lokacin.

A Najeriya babu doka irin wannan, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya san Kakuri a da ya san yadda ake busa jiniya titi ya cika da kekuna, masu fita daga aikin dare suna kiciɓis da masu shiga na safe, mai koko da ƙosai tana sayar da kayanta tas kafin hantsi. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofarta ta Kaduna a 2007. Sanadin ya haɗa da rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai da tsufan injuna, amma babban bugun ya zo ne daga atamfar Sin mai araha da ake fasa-ƙwaurinta ta kan iyakokin Nijar da Benin, wata ma har da tambarin masaƙunmu na jabu a gefenta, ta cika rumfunan Kantin Kwari a Kano.

Gwamnati ta motsa, ba a ce ba ta motsa ba. An ware asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin farfaɗo da auduga da masaƙu, kuma a 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala a farashin gwamnati, matakin da aka janye a 2023. Sai dai duk wannan agaji kamfanoni aka nufa da shi, a matsayin rance ko kariya. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin, ƙurar auduga ta cika masa ƙirji, ba a tanadar masa ko sisi ba.

Abin da ya rage maka shi ne haƙƙinka a kan kamfanin. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata kafin rage ma'aikata, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen daidaitawa kan kuɗin sallama. Saboda haka ka tattara takardar ɗaukarka aiki, katin shaida, takardun albashi da wasiƙar sallama idan an ba ka, ka adana su da kyau. Ka je ofishin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ke Kaduna ka tabbatar sunanka yana cikin jerin masu bin bashi, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara, kuma shigar da ita a ƙungiyance ya fi sauƙin kuɗin lauya. Kada a yi jinkirin tuntuɓar lauyan, saboda daɗewar lokaci tana iya shafar ƙara.

Idan masaƙarku ta kai bayan 2004 tana aiki, lokacin da aka fara tsarin fansho na karo-karo, ka bincika ko an buɗe maka asusu. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 idan ya yi wata huɗu babu aiki, wanda ya kai 50 kuma yana iya neman haƙƙinsa na ritaya. Ka tafi wurin kamfanin fanshon da lambar asusunka da shaidar barin aiki.