Ku Tambayi Likita: Me Ke Sa Kayan Ciki Su Manne Bayan Aikin Haihuwa?

Tambaya: Likita, sannu da aiki. Sau biyu ana yi mini aiki wajen haihuwa, kuma bayan na biyun likita ya gaya wa maigidana cewa ya sha wuya kafin ya kai ga mahaifa, domin kayan cikina sun manne da juna. Yanzu ina da cikin wata biyar. Shin wanda ya yi aikin farko ne bai iya ba? Daga wata mai karatu a wani ƙauye kusa da Ringim, Jihar Jigawa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Akwai wani siririn tantani mai santsi da ya lulluɓe hanji da mahaifa da bangon ciki. Idan aka yanka shi, jiki yakan fitar da wani abu mai danƙo domin ya liƙe raunin, sannan ya narkar da shi cikin kwanakin farko. Inda bai narke ba sai ya zama tabo mai kama da zare ko yanar gizo, ya ɗaure mahaifa da mafitsara ko da bangon ciki. Wannan yana faruwa ko a hannun gwani.

Hannun likita dai yana da tasiri. Wanda yake taɓa nama a hankali, ya tsayar da jini sosai, ya kwashe gudajin da ya zuba, ya hana kayan ciki bushewa, kuma ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin yanka, ya rage haɗarin. Amma batun ko a ɗinke tantanin ko a bar shi ya haɗe da kansa, babban binciken CORONIS na 2013, wanda ya haɗa da matan Ghana da Kenya da Sudan, bai nuna fifikon ɗaya a kan ɗaya ba wajen lafiyar mai jego.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da mace take isowa asibiti. Wadda faya ta fashe tun jiya, ta kwana tana naƙuda a ɗaki ana jiran mota, takan iso da zazzaɓi ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga mahaifa, kuma kumburin da ƙwayoyin cutar ke jawowa ne ke haifar da mannewa mai tsanani. Haka kuma kowane sabon aiki yana ƙara a kan tabon na baya.

Saboda haka kada ki jira naƙuda a gida. Ki riƙa zuwa awo a babban asibitin da ke da jini a ajiye da ƙwararren likitan mata, a duba mazaunin mabiyiya a hoton ciki, a kuma sa ranar aikin tun da wuri, ki gaya musu abin da likitan baya ya gani. Idan kuwa cikinki ya kumbura da murɗa da amai, bayan gida da tusa suka tsaya, a kai ki asibiti nan take, domin alama ce ta toshewar hanji, wadda mannewar kan iya jawowa.