Zuwa ga ƙanena mai shirin tahowa Birtaniya: kafin ka sayi motar iyali, ka auna kujerar baya

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso ni, kuma na yi farin ciki da jin cewa ka sami gurbin digiri na uku a Birmingham, za ka taho tare da mai ɗakinka da yaranku uku, wato mai shekara shida da mai shekara uku da jaririyar da ba ta wuce wata takwas ba. Allah ya sanya alheri, ya kawo ku lafiya. Ka ce kana so ka sayi mota ta hannu da zarar kun zauna, kuma hankalinka ya fi kwanciya da jip, domin a ganinka ita ce mai faɗin da zai ɗauke ku duka. A kan wannan ganin naka nake so in tsaya, saboda ni ma da shi na zo, kuma sai da ya ja mini asara kafin na rabu da shi.

Dokar ƙasar nan ta wajabta wa kowane yaro zama a kujerar yara ta musamman har sai ya cika shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa, kuma direba ne ake kamawa da laifi idan yaron da bai kai shekara 14 ba bai ɗaure yadda ya kamata ba. Ka ga ke nan yaranka uku duk suna buƙatar kujera, kuma kowanne da irin tasa. Jaririyar za ta zauna a wadda ke fuskantar baya, domin ƙa'idar R129, wadda aka fi sani da i-Size, ba ta yarda a juya yaro ya fuskanci gaba ba sai ya wuce wata 15, kuma idan da hali a bar shi yana fuskantar baya fiye da haka, ya fi wa wuyansa aminci a lokacin karo. Mai shekara uku yana buƙatar kujera mai ɗamararta, shi kuwa babban nasu kujera ce mai ɗaga shi sama yadda bel ɗin motar zai bi ta kafaɗarsa da ƙugunsa, ba ta wuyansa da cikinsa ba.

Yanzu ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Faɗin kujerar yaro ɗaya yakan kai kimanin santimita 44, saboda haka uku a jere suna neman santimita 132, ban da ɗan sararin da hannunka zai shiga tsakaninsu domin maƙala bel. Yawancin jip ɗin da ake gani a titi, irin su Nissan Qashqai da Kia Sportage, tsawo da ɗaukar ido suke da shi, amma bencinsu na baya an ƙera shi ne don manya biyu su sake, sai aka bar wani ɗan tudu siriri a tsakiya wanda ba ya karɓar kujera ta uku. A shekarar da muka sami ɗanmu na uku na sayi wata jip a hannun wani mutum, na zagaya ta, na buɗe injin, na gwada birki, ban kawo maganar kujeru a raina ba sam. Da na dawo gida na jera su, sai ƙofa ta ƙi rufuwa, da na matsa ta rufu kuma, sai ramin maƙala bel ɗin babbar 'yata ya shige ƙarƙashin kujerar ƙaninta, kullum da safe sai na goge fatar yatsuna kafin in same shi. Wata biyar na daure, daga nan na sayar da ita a ƙasa da yadda na saya.

Abin da za ka nema shi ne motar da layinta na biyu kujeru uku ne rarrabe, kowace mai cikakken faɗi, kowace tana iya matsawa gaba ko baya ita kaɗai. Irin waɗannan su ne Ford S-Max da Ford Galaxy, da Volkswagen Touran da Sharan, da SEAT Alhambra, da Citroën Grand C4 Picasso wadda aka sauya wa suna zuwa Grand C4 SpaceTourer a 2018, da kuma Peugeot 5008 ƙirar 2017. Ba motocin ado ba ne, wasu ma kamar akwati suke, kuma kasuwarsu ta ja baya har kamfanin Ford ya daina ƙera S-Max da Galaxy a 2023, amma wannan ja bayan alheri ne ga mai neman ta hannu, tunda idon jama'a ya koma kan jip. Sharan da Alhambra ƙirar 2010 zuwa sama suna da wani abin da ba za ka san darajarsa ba sai ka tsaya a wurin ajiye motoci na babban kanti, inda tsakaninka da motar maƙwabcinka bai wuce taku ɗaya ba: ƙofofinsu na baya zamewa suke yi a gefe, don haka za ka iya fito da jaririya a cikin kujerarta ba tare da ka buga wa kowa ƙofa ba.

Sai maganar ISOFIX, wadda za ka riƙa gani a kowace tallar mota. Wasu ƙananan ƙarafa biyu ne da aka haɗa da jikin motar, suna ɓoye a tsakanin mazauni da majingina, tazarar santimita 28 a tsakaninsu, kuma kujerar yaro tana da hannaye biyu da ke cafke su. Amfaninsu shi ne rage kuskure, domin ɗaure kujera da bel aiki ne da ko mai kula yakan yi shi ba daidai ba idan yana sauri. Kusan kowace mota ta shekarun baya-bayan nan tana da su a kujerun gefe biyu, amma a tsakiya ne bambancin yake, kuma Touran ƙirar 2015 zuwa sama tana da su a duka kujerunta biyar na baya. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a talla, ka sa yatsanka ka taɓa ƙarfen. Ka kuma leƙa bayan majinginar ko cikin but, ka nemi ƙugiya ta uku da ake ɗaure igiyar saman kujera a jikinta. Wasu kujerun, musamman na jarirai, ba igiya suke amfani da ita ba, ƙafa ce gare su da ke dogara a daɓen motar, kuma a nan akwai tarko: da yawa daga motocin iyali suna da wani ɗan rami mai murfi a ƙarƙashin ƙafar masu zama a baya, don ajiye tarkace, kuma murfin roba ba zai iya ɗaukar nauyin da ƙafar za ta danna masa a lokacin karo ba. Littafin motar da na kujerar su ne za su gaya maka ko an yarda a ɗora ta a wurin.

Saboda duk wannan, shawarata ita ce ka fara sayen kujerun kafin motar, sa'an nan ka ɗauke su ka tafi da su wurin mai sayarwa ka jera su da hannunka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan ka ɗora ta jaririyar, ka zauna a gabanta ka gani ko gwiwarka ta sami wuri, domin kujera mai fuskantar baya tana cin sarari ƙwarai, ka kuma sa babban yaron ya maƙala bel ɗinsa da kansa. Ka tafi da keken jaririyar ma, ka naɗe shi ka saka a but. Motoci masu kujeru bakwai suna ruɗar mutum a nan, domin da zarar an ɗaga layi na uku, abin da ya rage na but ba ya wuce na jakunkuna biyu ko uku. Su kansu kujerun, ka sayi sababbi masu ɗauke da alamar harafin E a cikin da'ira, wato shaidar cika ƙa'ida, domin kujerar da ta taɓa shiga hatsari tana iya tsagewa ta ciki ba tare da ido ya gani ba, kuma wanda ya sayar maka ba lalle ne ya san tarihinta ba. Idan kuma wata rana larura ta sa ka ɗora ta jaririyar a gaba, wajibi ne ka kashe jakar iskar da ke wannan gefen, barin ta a kunne laifi ne a doka, kuma tana iya kashe yaro.

Da yaranka biyu ne, da na ce ka manta da duk wannan ka nemi doguwar mota mai faɗin but irin Skoda Octavia, wadda ƙirarta ta uku ke ɗaukar lita 610 na kaya, ko Superb mai lita 660.

Akwai wani abin da ya shafi garin da za ka zauna. Mafi yawan manyan motocin iyalin da na lissafa maka dizal suke sha, kuma Birmingham tana da yankin tsaftace iska a tsakiyar gari tun watan Yunin 2021, inda ake cajin motar da ba ta cika ƙa'idar hayaƙi ba kuɗi a kowace ranar da ta shiga. Ƙa'idar ita ce Euro 4 ga mai fetur, wato galibi daga 2006, da Euro 6 ga mai dizal, wato galibi daga Satumban 2015, kuma ita ce dai ake bi a Landan, inda aka faɗaɗa nasu yankin tsaftace iskar, mai suna ULEZ, ya game dukkan unguwannin birnin a Agustan 2023. Idan ka ga babbar mota mai dizal ta 2012 da araha mai ban mamaki, to ga dalilin arahar. Ban da haka, dizal na zamani yana da matatar toka a salansa wadda ba ta ƙone abin da ta tara sai an yi doguwar tafiya injin ya yi zafi sosai, kai kuwa zirga-zirgarka ba za ta wuce makarantar yara da jami'a da kanti ba. A irin wannan rayuwa mai fetur ta fi kwanciyar hankali, ko da shan manta ya ɗan fi.

Binciken lafiyar motar a nan ya fi sauƙi fiye da yadda kake zato. Duk motar da ta wuce shekara uku ana yi mata gwajin MOT sau ɗaya a shekara, kuma da lambar motar kaɗai za ka ga tarihin gwaje-gwajenta kyauta a shafin gwamnati na intanet, tare da jimillar mil ɗin da agogonta ya nuna a kowane gwaji da gargaɗin da aka rubuta mata na tsatsa ko taya ko birki. Idan jimillar ta ragu daga wata shekara zuwa ta gaba, ka juya ka tafi. Ka nemi takardar rajista ta V5C, ka gwada lambar jikin motar da ke rubuce a cikinta da wadda ke ƙasan gilashin gaba, ka nemi rasit ɗin sabis da na sauya bel ɗin injin, sa'an nan ka biya ɗan abin da ake biya a duba maka ko akwai bashin da ke kan motar ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ta yi mummunan hatsari. A matsayinka na baƙo na fi so ka saya a hannun dila mai rajista, domin dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota idan ta fito da aibi, wanda ba ka da shi idan a hannun mutum ka saya.

Kada ka biya ko sisi sai ka tambayi kuɗin inshorar wannan motar da sunanka, domin sabon zuwa da ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar ana tsawwala masa, kuma wani lokacin bambancin inshora tsakanin motoci biyu ya fi bambancin farashinsu. Harajin hanya ba ya bin mota zuwa ga sabon mai ita, sai ka biya naka kafin ka tayar da ita. Lasisin da ka zo da shi zai yi maka wata 12 daga ranar da ka zama mazauni, don haka ka nemi ranar jarrabawar tuƙi da wuri saboda layin yana da tsawo, kuma ka sani cewa wanda ya ci jarrabawa da mota mai giyar atomatik ba a yarda ya tuƙa mai kuloci ba.

Game da ranar saukarku, doka ta sassauta wa tasi mai lasisi, yara za su iya zama a baya ko babu kujera, amma tunda akwai jaririya, ka turo mini ranar da lambar jirgin da tsawon kowane yaro a santimita, zan zo in ɗauke ku da kujerun da suka dace. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran.