Takardun sirri kan Martin Luther King: duk abin da ke ciki gaskiya ne?

Tambaya: Malam, hankalina ya tashi. Tun da gwamnatin Trump ta saki takardun sirri kan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, nake ganin munanan maganganu a kansa a Facebook, wai asirinsa ya tonu. Ashe yaudararmu aka yi shekara da shekaru?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Tabbas an saki shafuka fiye da 230,000 a watan Yulin 2025, bisa umarnin da Trump ya sa wa hannu a Janairu. Abin da na gaji da gyarawa shi ne zaton cewa duk takardar da ta sha hatimin sirri gaskiya ce tsagwaronta. Ina! Hatimin yana nufin hukuma ba ta son ka gani, shi ke nan.

Wa ya rubuta yawancin takardun? Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka ce, wato FBI, ta zamanin shugabanta J. Edgar Hoover, mutumin da ya tsaya gaban 'yan jarida a Nuwamban 1964 ya kira King gawurtaccen maƙaryaci. Tun Oktoban 1963 Robert Kennedy, ministan shari'a na lokacin, ya ba da izinin sauraren wayoyinsa bisa zargin hulɗa da 'yan gurguzu. Daga waya aka koma dasa na'urori a ɗakunan otal ɗin da yake sauka. Har wasiƙa suka aika masa ba suna, haɗe da faifai, wadda shi kansa ya fahimta a matsayin kira ya kashe kansa. To fa wannan hukumar ce 'yan sharhin wayar salula suke karanta rahotonta kamar hukuncin alƙali. Fayil na tsaro tarkace ne: tsegumin ɗan rahoto da ake biya, zaton jami'i, ji-ta-ji-ta, da gaskiya jefi-jefi. Ban ce King waliyyi ba ne, ɗan adam ne. Amma shaidar maƙiyi ba a haɗiye ta da ɗumi, balle maƙiyin da ya ɗauki neman 'yancin baƙar fata barazana ga ƙasa.

Jaridu ma suna da nasu laifin. An yi ta tallata wa editoci waɗannan bayanai, suka ƙi bugawa, madalla. Sai dai kuma sun yi gum kan cewa hukuma na yawo da su. Sai a Maris na 1971, da wasu suka fasa ofishin FBI a garin Media na jihar Pennsylvania suka aika wa jaridu takardu, Washington Post ta buga duk da roƙon ministan shari'a John Mitchell. Daga baya kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo sauran a 1975 da 1976.

Faya-fayan da FBI ta naɗa a asirce kuwa, kotu ta kulle su a 1977 na tsawon shekara 50, kuma ba sa cikin abin da aka saki a Yulin. Duk mai cika maka baki a Facebook, tambaye shi lambar takardar, da wanda ya rubuta ta, da shekarar.